Yadda Ake Raka Katsina United Wasan Waje a Filin Ƙofar Mata, a Dawo Lafiya

Filin wasa na Muhammadu Dikko, gidan Katsina United, wanda har gobe Katsinawa Karkanda suke ce masa, a 2013 aka buɗe shi, kuma mutum 35,000 aka gina shi ya ɗauka. Na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, gidan Kano Pillars, ya girme shi nesa ba kusa ba. An buga gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, da ta cin kofin Afirka a 2000, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, amma mazauninsa wajen 16,000 ne, bai kai rabin na Karkanda ba. Ga shi a ƙirjin gari, kusa da marinar Ƙofar Mata da Kantin Kwari, inda ko ba a ƙwallo titi a cike yake. Ƙaramin fili, tsohon gini, jama'a mai yawa, kai kuma baƙo. Saboda haka duk shirin wannan tafiya daga ƙarshe ake faro shi: yadda za ka fita da inda za ka kwana su ne farkon abin da za ka yanke, sannan ka yi maganar tikiti.

Tabbatar da wasan tukuna

Gasar Firimiyar Najeriya ba ta da tabbas irin na jadawalin Turai. Ana ɗage wasa daga Lahadi zuwa Laraba, ana mayar da shi wani gari, ana kuma buga shi ba 'yan kallo idan an hukunta masu gida. Ita kanta Kano Pillars ta daɗe tana karɓar baƙi a filin Ahmadu Bello na Kaduna kafin ta koma Ƙofar Mata a 2022. Don haka ka duba sau biyu: kwana uku kafin ranar, da kuma daren da za ka tashi. Shafin hukumar gasar da na ƙungiyoyin biyu a Facebook, da shirin wasanni na gidajen rediyon Katsina da Kano, su ne abin dogaro. Saƙon da aka yi ta turawa a WhatsApp ba hujja ba ne. Abu uku za ka tambaya: wane fili, ƙarfe nawa, kuma an yarda 'yan kallo su shiga? Yawanci ƙarfe 4:00 na yamma ake take leda.

Da wa za ka tafi

Hanya biyu ce mai kyau, ta ukun kuma ita ke jefa mutane a wahala.

Ta farko, ka bi ƙungiyar magoya baya ta kulob, masu ganga da tuta. Su an san da zuwansu, akan ware musu wurin zama, jami'an tsaro kuma sun san inda suke. Amma sai ka haƙura da dokarsu: tare za ku shiga, tare za ku fita, ba maganar "bari in leƙa Kwari in dawo". Ka kuma sani cewa idan rai ya ɓaci, motar da ke ɗauke da sunan baƙi ita ake fara nema. A watan Afrilun 2022, a wannan fili, an tashi wasan Pillars da Katsina United ba a gama ba, aka farfasa motar 'yan wasan Katsina, hukumar gasar ta zabge wa Pillars maki uku ta kuma ci ta tara. A ƙarshen kakar duka ƙungiyoyin biyu suka faɗa rukuni na biyu, suka dawo tare a 2023. Kada kuma a ɗauka halin Kano ne kaɗai, mu ma an taɓa hukunta ƙungiyarmu a kan abin da 'yan kallo suka yi wa baƙi a Katsina.

Ta biyu, ku tafi ku huɗu zuwa shida cikin kayan gida, kamar masu zuwa kasuwa. Ƙasa da huɗu, idan ɗaya ya samu matsala ba mai tsayawa da shi ba mai neman taimako. Fiye da shida, adaidaita sahu ɗaya ko biyu ba za su kwashe ku ba, kuma ido zai dawo kanku. Ku naɗa babba ɗaya wanda idan ya ce a tashi, an tashi, ko da ana shirin buga fenariti.

Ta ukun ita ce mutum ya sa rigar ƙungiya shi kaɗai ya shige tsakiyar masu gida. Bai samu kariyar ayari ba, bai samu sirrin ɓoyewa ba. Idan kana son rigar don hoto, sa ta a ciki ka ɗora wata a sama. Yara ƙanana kuwa a bar su gida. Wasan Kano da Katsina ba shi ne na fara nuna wa yaro fili ba, a kai shi Karkanda ranar da ake wasa da ƙungiyar nesa.

Kayan tafiya

Kuɗi kashi uku za ka raba su, kuma tsaba. Na motar dawowa har da ɗan ƙari ya shiga aljihun ciki ko safa, kada a taɓa shi komai daɗin tsire. Na tikiti ya zama canji daidai a aljihun gaba, don kada ka zaro damin kuɗi a bakin ƙofa. Na ukun na abinci da adaidaita. Kada ka dogara da tiransifa: inda dubban wayoyi suka taru wuri ɗaya sabis yakan yi nauyi, mai POS kuma ya san kana cikin matsuwa.

Takalmi mai rufi, wanda ke kama ƙafa. Silifas shi ne abu na farko da ke ɓacewa a turmutsutsu, kuma sunkuyawa neman takalmi a cikin cunkoso ita ke kayar da mutum. Hula ko malafa, ƙyallen share gumi, katin shaida saboda shingayen bincike na hanya, waya a cike da caji. In kana da ƙaramar waya mai madanni, ita ta fi dacewa da wannan rana. Rubuta lambar mutum biyu a takarda ka sa a aljihu daban, domin wanda aka zare wa waya yawanci bai haddace lambar kowa ba. Mai asma ya ɗauki abin shaƙarsa, wannan ba abin sakaci ba ne, dalili na nan tafe.

Abin da ba a ɗauka: wuƙa ko da ta yankan farce ce, kwalba, sanda, laya mai ƙarfe, babbar jaka. A ƙofa za a karɓe, kuma da wuya ka sake ganinsu.

Hanya

Daga Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, ta Charanchi, Kankia, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, a shiga ta Dawanau. Ka ware awa uku, har da jiran mota ta cika da tsaye-tsayen hanya. Mutanen Daura ta Kazaure da Dambatta za su bi. Ko motar KTSTA ce, wato hukumar sufuri ta jihar Katsina, ko ta tasha, ka kasance a cikinta kafin ƙarfe 9:00 na safe. Wanda ya tashi bayan azahar zai iso daidai lokacin da ƙofa ta fi matsewa, da gajiya, da yunwa, ba alwala.

Da ka sauka, kafin ka bar tasha, tambayi 'yan kamasho ƙarfe nawa motar Katsina ta ƙarshe take tashi, kuma daga ina. Wannan tambaya ta minti ɗaya ita ke raba mai kwana a gado da mai kwana a benci.

A cikin birnin Kano tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, adaidaita sahu za ka hau. Ku yi ciniki kafin ku shiga, ka ce Ƙofar Mata. Mai motar kansa kada ya kai ta bakin fili. Lambarta na ɗauke da sunan Katsina, kuma ko ba wanda ya taɓa ta, fitar da ita bayan an tashi aiki ne na awa guda. A ajiye ta gidan ɗan'uwa ko wani wuri mai gadi da ke nesa, a ɓamɓare duk wata alamar ƙungiya, a ƙarasa da adaidaita.

Ku ci abinci mai nauyi tsakanin 12:00 da 1:30, a waje, a zaune. Ku yi azahar, ku kama ruwa a masallaci, ku sabunta alwala. Bayin tsofaffin filaye kaɗan ne idan aka kwatanta da jama'a, sau da yawa kuma ba ruwa. La'asar kan shiga ne daf da fara wasa, to mai alwala zai iya yin ta a cikin harabar fili ba tare da ya fita ba. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, wanda bai san hukuncinta ba ya tambayi malaminsa tun a gida.

Kafin ku kusanci ƙofa, ku zaɓi mahaɗa: wani masallaci ko gidan mai da ke da tafiyar minti goma daga filin, wanda kowa ya gani da idonsa. Ku ce duk wanda ya ɓace, a haɗu nan da magariba. Bakin ƙofar fili ba mahaɗa ba ce, nan ne wurin da kowa ke gudu daga gare shi idan abu ya lalace.

Tikiti da ƙofa

Ku shiga tsakanin 2:30 da 3:00. Awa guda a zaune ta fi minti goma a matse. Cunkoso mafi muni daga 3:30 ne zuwa 'yan mintuna bayan an fara wasa, domin na waje suna jin ihun na ciki sai su danno gaba ɗaya, ƙofofin tsohon gini kuma ba a yi su don irin wannan ba. A filaye da yawa akwai turawa ta biyu bayan hutun rabin lokaci, idan aka sassauta ƙofa marasa tikiti suka kwararo.

Tikiti hawa-hawa ne: na fili inda ba rumfa, na ƙarƙashin rumfa, da na manyan baƙi. Ga baƙo, na rumfa ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Akwai inuwa, jami'an tsaro sun fi yawa, kuma masu zama can galibi magidanta ne da suka zo kallo. Ka saya a wurin da aka tanada, gaban jama'a. Wanda ya tare ka a titi da tikiti mai araha, ko dai na jabu ne ko wanda aka riga aka shiga da shi. Haka wanda ya ce ka ba shi wani abu ya shigar da kai ta baya: in an kama, shi ɗan gari ne, kai ne za ka yi bayani. Idan aka yaga tikiti aka miƙo maka rabi, ka adana shi har ka fita.

A layi, waya da kuɗi su koma aljihun gaba, hannu a kai. 'Yan sane a daidai wuyan ƙofa suke aiki, inda kowa ke gogar kowa.

Wurin zama

Nan ne gwanintar take, kuma yawancin mutane abin da suke dubawa kawai shi ne inda za su fi ganin raga.

Da ka hau, tsaya ka nemo mafita biyu: wadda ka shigo ta ita, da wata. Ka zauna kusa da matakalar da ke kaiwa ga ɗaya daga ciki, kujera uku ko huɗu daga bakin layi. Wanda ya shige tsakiyar layi sai ya tsallake mutum ashirin kafin ya motsa.

Kada ka zauna a layukan ƙasa kusa da wayar da ta shinge fili. Duk abin da aka jefo daga sama, ledar ruwa ko dutse, in bai kai cikin fili ba a kan na ƙasa yake sauka, kuma idan jama'a suka danno, jikin waya ake matse mutum. Can ƙololuwa ma ba daɗi, saukowa na da nisa. Tsakiya zuwa sama kaɗan ya fi. Ka nisanci bayan bencin baƙi da bakin hanyar da alƙalan wasa ke bi su shiga ɗaki, domin nan fushi ke taruwa. Ka nisanci kuma inda masu ganga na gida suke, wurinsu ne, sun san fuskar juna.

Sai ginin kansa. Taɓa kujera kafin ka zauna: robar da ta sha rana shekara da shekaru tana tsagewa, tana yaga wando, wani lokaci ƙarfen ƙasanta ne kawai ya rage. Inda siminti ne, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, ba ya zaunuwa sai da kwali, ana samu wurin masu sayar da ruwa. Matakala takan gutsure, tsayinta ba ɗaya ba, ga ledar ruwa a zube mai santsi. Kada ka jingina da ƙarfen da ya yi tsatsa, kada ka hau katanga ko ƙarfen fitila ko da ka ga yaran gari sun hau. Ɓangaren da ke kallon yamma rana na dukan fuska har kusan tashi, to mai zama can ya tanadi ledar ruwa huɗu zuwa shida, ya riƙa kurɓa tun kafin ƙishi. Ciwon kai da jiri da daina gumi alamu ne na zafi ya yi yawa, a nemi inuwa a jiƙa kai da wuya nan take. Lokacin hunturu kuma akasin haka ne, da rana ta yi sanyi iska ke kaɗawa, a zo da rigar sanyi da takunkumi saboda ƙura.

Ana cikin wasa

Yi wa na kusa da kai sallama, in ka sayi rake ko gyaɗa ka miƙa. Harshenka zai tona ka ko ba ka faɗa ba, don haka in an tambaya kada ka yi ƙarya: "Daga Katsina nake, Alhaji, mun zo ganin gari." Dattijon da ka gaisa da shi da farko shi ne zai ce "ku ƙyale shi, baƙona ne" in ta kama. Yabon ɗan wasansu ba ya rage ka da komai. Ka ambaci Rabi'u Ali Pele ko Ahmed Musa da alheri, hira ta buɗe.

Ka san gidan da ka shigo. Pillars ta ɗauki kofin gasar a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, daga 2003 har Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Mutanen da suka taso a haka ba sa ɗaukar rashin nasara a gida da sauƙi, kirarinsu ma "Sai Masu Gida" ne. In Katsina ta ci kana tsakiyarsu, murnarka ta tsaya a ciki. Ba tsalle, ba nuna yatsa, ba juyowa ka kalli wanda ya tsokane ka ɗazu. In su suka ci, ka sha tsiya da murmushi. Ka tuna Bakano abokin wasan Bazazzagi ne, ba naka ba, zolayar da za ta wuce a tsakaninsu kai ba lalle ta wuce maka ba.

Kada ka sa baki a hukuncin alƙalin wasa, ko satar gida ce ƙiri-ƙiri. Kada ka yi caca ko musu na kuɗi. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar masu jifa ko masu faɗa: ga su, kai mai kai rahoto ne, ga ɓarawo kuma ka tallata wayarka.

Daga minti na 70, rabin hankalinka ya bar ƙwallo ya koma kan jama'a, musamman in Katsina na gaba ko ana kunnen doki. Abubuwan lura: ledar ruwa ta fara sauka a gefen fili, waƙa ta koma zagin alƙali, matasa na sauka suna taruwa a jikin waya, 'yan sanda sun juya wa wasa baya suna fuskantar 'yan kallo, magidantan da ke kusa da kai sun fara naɗe tabarmar sallarsu suna zamewa. Wannan ta ƙarshe ta fi kowace gaskiya, 'yan gari sun san filinsu. Biyu daga cikin waɗannan sun isa babbanku ya ce a tashi.

Fita

Lokaci biyu ne na fita: ko a minti na 80, ko bayan an tashi da rabin awa. Tsakaninsu shi ne mafi haɗari, lokacin da kowa ke neman ƙofa ɗaya, wasu da murna wasu da haushi. In wasan na da zafi ku fita da wuri, ɗaya bayan ɗaya, ba gudu, sakamakon zai same ku a rediyo. In masu gida sun ci kuma gari lafiya, ku zauna har matakala ta sarara. Wanda ya zo da ayarin magoya baya ya tsaya inda jami'ai suka ce, ko da an riƙe su awa guda.

In turmutsutsu ya rutsa da kai, ɗaga hannuwa ka dunƙule su a gaban ƙirji don numfashi ya samu wuri, domin matsewar ƙirji ce ke kisa fiye da tattakewa. Kada ka yi ja-in-ja da igiyar mutane, bi ta kana zamewa gefe a hankali, ka guji bango da waya da kusurwa. Abin da ya faɗi ya faɗi. In kai ne ka faɗi, dunƙule a gefe ɗaya, ka kare kai da hannu, ka tashi da zarar an samu sarari.

In aka harba barkonon tsohuwa, duba inda iska ke kai hayaƙin ka bi ta inda take fitowa, ka nemi tudu domin hayaƙin ƙasa yake kwanciya. Rufe hanci da baki da ƙyalle. Kada ka murza ido, murzawa ke ƙara raɗaɗi, wanke shi da ruwa mai tsabta da yawa, shi ya sa ake rage leda ɗaya ba a sha ba. Ga mai lafiya yakan lafa cikin rabin awa a iska mai kyau. Mai asma ko wanda numfashinsa ya ƙi daidaita a kai shi asibiti, na Murtala yana nan kusa. Lambar gaggawa 112 ce.

A waje, kada ka tsaya kallon motar 'yan wasa, kada ka tsaya amsa waya a titi. Taka zuwa mahaɗarku, can ma adaidaita ya fi sauƙin samu kuma ya fi araha. Ku ƙirga kanku kafin kowa ya hau.

Komawa ko kwana

Wasan 4:00 yana ƙarewa wajen 6:00. Kafin ku yi magariba ku isa tasha 7:00 ta wuce, mota ta cika, ku shiga Katsina 10:00 ko fiye. Tafiyar dare a kan wannan hanya, da manyan motoci da direban da ya yini yana tuƙi, ba ta kai darajar kwana ɗaya a Kano ba. Shawararmu a kwana. A sanar da ɗan'uwa ko aboki tun kwana biyu kafin zuwa, ko a kama ɗaki da rana kafin a tafi fili, a bar jaka a can. Wanda dole sai ya koma a daren, to fitar minti na 80 ta zama wajibi a kansa, kuma tun da rana zai biya kuɗin kujera ya karɓi lambar direba.

In an sace waya, a daren za a kira banki da wayar abokin tafiya a rufe asusu, a kira kamfanin layi a toshe shi, domin da layin ake kwashe kuɗi, ba da wayar ba. Sannan a sanar da gida da lambar da ke cikin takardar nan, kada su ji labarin rikici a rediyo su yi ta kiran layin da ba ya shiga. Da safe motocin farko na Katsina da Daura suna fara lodi bayan asuba, wanda ya fito da wuri zai iya isa wurin aikinsa kafin hantsi ya yi nisa.